Ciwon sukari: Yadda mai lalurar zai koma kan tsarin rage sitaci bayan ya kauce masa

Mafi yawan masu ciwon sukari da likita ya umarce su da rage cin shinkafa da tuwo da kayan zaƙi sukan fara da ƙwazo. Sukan yi wata biyu ko uku suna kiyayewa, ƙiba ta ragu, yawan fitsarin dare ya lafa, na'urar gwaji ta riƙa nuna adadi mai kwantar da hankali. Daga nan sai biki ko Sallah ko wata doguwar tafiyar kasuwa ta gifta, a ci abin da aka samu, kwana ɗaya ya zama mako, mako ya zama wata. Abin da ya fi wahala bayan haka shi ne samun ƙarfin gwiwar sake farawa, musamman a wuri irin yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano, inda shinkafa ce abinci, ita ce kuma sana'a.

Abin da sitaci ke yi a jiki

Duk abincin da ke ɗauke da sitaci, irin su shinkafa da masara da dawa da gero da alkama da rogo da dankali, ciki yana narkar da shi ya koma sukari, ya shiga jini. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna pankiriyas ke samarwa, shi ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. A nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi yawa a tsakanin manya, jiki ba ya amsa wa insulin yadda ya kamata, kuma abin da ake samarwa ba ya wadatarwa, don haka sukarin ke taruwa a jini. Idan aka ɗauki shekaru a haka, yana lalata jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ana tabbatar da ciwon idan gwajin safe kafin a ci komai ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, wanda ya yi daidai da 7.0 a ma'aunin mmol/L. Wanda na'urarsa ke amfani da ma'auni na farko yana iya raba adadin da 18 ya samu na biyu. Akwai kuma gwajin HbA1c da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku. Kashi 6.5 cikin ɗari ko sama da haka alamar ciwon ce, kuma ga yawancin manya masu lalurar ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7.

Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, kimanin miliyan 3.6 daga cikinsu a Najeriya, sannan fiye da rabin masu shi a nahiyar Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba.

Me ake nufi da rage sitaci?

A wajen masana abinci, tsarin rage sitaci shi ne mutum ya ci ƙasa da giram 130 na sitaci da sukari a yini. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da kusan giram 28. Ke nan faranti ɗaya mai giram 400, wanda ba a ɗaukarsa da yawa a gidan Bahaushe, ya kai giram 112, ya kusa cinye kason yini gaba ɗaya. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana da kusan giram 50 na sukari, ƙaramin cokalin shayi na sukari kuma giram 4 ne. A ɗaya ɓangaren, giram 100 na tumatir bai wuce giram 4 ba, na kabeji kusan 6, ƙwai da kifi da nama kuwa kusan babu komai. Dafaffen wake yana da kusan giram 20 a cikin 100, amma harzar da ke cikinsa, wato ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, tana sa sukarinsa ya shiga jini a hankali.

A wani rahoton da ta fitar a 2019, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta bayyana cewa rage yawan sitacin da ake ci shi ne matakin abinci da ya fi samun hujjojin bincike wajen daidaita sukarin jini. Sai dai nazarin da aka yi a kan gwaje-gwaje da dama ya nuna amfanin ya fi bayyana a wata shida na farko, yakan kuma ragu kafin a cika shekara, galibi saboda mutane sun kasa ɗorewa. Wannan na nuna cewa kaucewa abu ne da ke samun mafi yawan waɗanda suka hau tsarin, a kowace ƙasa.

Yankin da shinkafa ta zama rayuwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa ta manyan magudanai zuwa filayen Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ke kula da shi. An tsara kashin farko na shirin a kan fili mai faɗin kusan hekta 22,000, a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Da damina ana noma shinkafa da masara, da sanyi kuma alkama da tumatir da albasa da sauran kayan lambu. Kura ta yi suna da injinan casar shinkafa da matan da ke sana'ar turara ta, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan kuma tana aika kwanduna har kudancin ƙasar nan.

Ga mai ciwon sukari da ke zaune ko yake fatauci a wannan yanki, shinkafa ce abin da ya fi araha da sauƙin samu. Da safe waina, da rana garau-garau ko dafa-duka, da dare tuwon shinkafa, ga gurasa da alkaki da funkaso daga alkamar da ake nomawa a nan. Dillalin da ke wuni a bakin injin casa, ko ma'aikacin da ke fita daga Kano da sassafe zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, yakan karya da shayi mai madara da sukari da burodi, ya ci abin da mai abinci ta zuba masa da rana, ya sha lemo saboda zafi. Aikin zama da hawa babur sun maye gurbin wahalar gona da a da take ƙone abin da aka ci.

Amma gonakin da ke fitar da shinkafar su ne ke fitar da abin da mai lalurar ya fi buƙata. Daga Disamba zuwa Maris, tumatir da kabeji da latas da gurji da albasa da tattasai da alayyahu kan yi arha a wannan yanki fiye da yawancin sassan ƙasar. Wanda zai sake gyara farantinsa ba ya buƙatar wani abincin ƙasar waje.

Dalilan da ke sa a kauce

Na farko shi ne tsanantawa tun daga farko. Wanda ya haramta wa kansa duk wani tuwo da shinkafa a rana ɗaya, ya koma ganye da ruwa, yunwa ce za ta karya shi. Na biyu al'adar cin abinci tare. A gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa, ware wa mutum guda girki na daban nauyi ne ga uwargida da aljihu, kuma ƙin cin abincin biki ko na maƙwabci ana iya ɗaukarsa raini. Na uku kuɗi, domin kifi da ƙwai da nama sun fi mudun shinkafa tsada, kayan miya kuma kan yi tashin gwauron zabo da damina ko lokacin da tsutsar tumatir ta afka wa gonaki, kamar yadda aka gani a Kano da Kaduna a 2016. Na huɗu shi ne yanayin ciwon kansa, wanda ba ya ciwo a farkonsa. Mutum zai ci abin da aka hana shi, ya kwana lafiya ya tashi lafiya, sai ya ɗauka an tsorata shi ne kawai. Damuwa da rashin barci su ma suna ƙara kwaɗayin zaƙi.

Akwai kuma wani tarko da masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Alan Marlatt, ya yi bayaninsa a binciken da ya yi kan masu ƙoƙarin barin wata ɗabi'a. Idan mutum ya ɗauki kuskure guda a matsayin shaidar cewa shi ba zai iya ba, kunya da zargin kai kan tura shi ya ce tunda ta ɓaci bari ta ƙarasa ɓaci. Kuskuren farko ƙarami ne, makonnin da ake yi ana cewa sai bayan Sallah ko sai farkon wata za a gyara su ne ke yin ɓarna.

Ƙoƙarin baya bai tafi a banza ba

Cin abincin biki na yini ɗaya yana ɗaga sukari na wasu sa'o'i ko kwana ɗaya, amma da ƙyar yake motsa sakamakon HbA1c, tunda shi matsakaicin watanni yake aunawa. Wani dogon bincike da aka gudanar a Birtaniya mai suna UKPDS ya nuna, a sakamakon da aka wallafa a 2000, cewa duk ragin kashi ɗaya a HbA1c yana tafiya da ragin kashi 37 cikin ɗari na lalacewar ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda, da ragin kashi 21 na mace-macen da ke da alaƙa da ciwon. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen, rahoton 2008 ya nuna waɗanda suka kula da sukarinsu da wuri sun ci gaba da cin moriyar hakan shekara goma bayan an kammala gwajin. Ma'ana watannin da mutum ya kiyaye suna nan a jikinsa ko da ya kauce daga baya.

Wani gwajin a Birtaniya mai suna DiRECT, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean, ya nuna a 2017 cewa kashi 46 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da suka bi tsarin rage ƙiba mai tsauri a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun samu sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, sakamakon da aka fitar a 2019 kuma ya nuna kashi 36 na cikin wannan hali bayan shekara biyu. Mutanen da aka yi gwajin da su ba su wuce shekara shida da gano ciwon ba, kuma tsarin na rage yawan abinci ne baki ɗaya. Duk da haka ya nuna cewa ciwon yana jin gyaran abinci da ragin nauyi, musamman ga mai teɓa.

Matakan komawa

Komawa tana farawa ne daga abincin da ke gaba, ba tare da jiran wata rana ta musamman ba. Bai kamata kuma a biya bashin abin da aka ci da zaman yunwa ba, domin hakan na iya jefa mai shan magani cikin faɗuwar sukari, ko ya sa ya yi cin rama-baya da dare.

Mataki na gaba shi ne a koma gwaji. Mutane da yawa kan ɓoye na'urar idan sun kauce, saboda tsoron abin da za ta nuna. Ga yawancin manya ana so adadin ya kasance tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 kuma sa'o'i biyu bayan an fara ci. Wanda ya gwada kafin da bayan farantin garau-garau, washegari ya rage shinkafar zuwa rabi ya ƙara wake da salak ya sake gwadawa, zai ga bambancin da idonsa, kuma wannan ya fi kowace nasiha tasiri. Tunda tsinken gwajin yana da tsada, wanda ba ya allurar insulin yana iya tattaunawa da likitansa kan ranakun da ya fi dacewa ya riƙa amfani da shi, ya kuma rubuta sakamakon a ƙaramin littafi.

Abin sha ne ya kamata a fara gyarawa, domin shi ya fi saurin ɗaga sukari kuma barinsa ba ya kawo yunwa. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari da kunun zaƙi da shayin da aka cika wa cokula su ne farkon abin da za a ajiye. Zoɓo da citta da kanumfari ba tare da sukari ba, da nono ko kindirmo marar zaƙi, da ruwa, sun wadatar.

Sai kuma tsarin faranti, wanda ba ya buƙatar sikeli. Rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu, kamar kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ko kabeji da gurji da tumatir, ko miyar alayyahu ko kuɓewa mai kauri. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama abinci mai gina jiki, kifi ko ƙwai ko awara ko nama. Ragowar kashin ne na tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannun mai ci. Fara cin ganye da nama kafin a taɓa tuwon yana rage tashin sukari bayan cin abinci. Idan ana ci a kwano ɗaya da iyali ko abokan kasuwa, ɗebe kason mutum a faranti daban tun farko yana sa ya san iyakar abin da ya ci. Ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai da safe sun fi waina da burodi, ɗan ƙullin gyaɗa a aljihu kuma yana hana yunwar la'asar tura mutum wajen mai gurasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar minti goma zuwa goma sha biyar bayan cin abinci tana taimaka wa tsoka ta janye sukari daga jini, kuma takawa zuwa masallaci ko zagaya gona a gefen magudanar ruwa duk suna cikin lissafi, matuƙar da takalmi a ƙafa.

Shirin damina ana yinsa ne tun da rani. Busasshen tumatir da kuɓewa da zogale da kuka da aka tanada lokacin arha suna riƙe miya idan kaya sun yi tsada. Haka nan shirin biki ana yinsa tun daga gida: a ci wani abu kafin a fita, a can kuma a ɗauki nama da ɗan abin da zai nuna an girmama mai gayyata. Iyali su ne ginshiƙi. Idan mai girki ta fahimci dalilin, ta yawaita miya da ganye ga kowa, nauyin girki biyu ya sauka, 'ya'yan gidan ma sun amfana, tunda ciwon yana bin jini.

Kurakuran da suka yaɗu

Ana yawan cewa tuwon alkama ba ya ɗaga sukari. Garin alkama yana da kusan giram 70 na sitaci a cikin 100, kusan daidai da na masara da dawa. Alkamar da aka niƙa da dusarta ta fi fulawa harza, amma malmala uku ta tuwonta za ta ɗaga sukari sosai. Haka acha, hatsi ce mai sitaci da ke buƙatar awo. Shinkafar da aka turara takan ɗaga sukari a hankali fiye da wadda ba a turara ba, sai dai yawan sitacin bai sauya ba. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce, busasshen dabino ya haura kashi 60, rake da mazarƙwaila kuwa daga gare su sukarin ke fitowa. Jiƙe-jiƙen ɗaci da ake tallatawa a kasuwanni da motoci masu lasifika ba sa maye gurbin magani, kuma wasunsu na iya cutar da ƙoda da hanta.

Gargaɗi game da magani da azumi

Wanda ke allurar insulin ko yake shan ƙwayoyi irin su glibenclamide da glimepiride dole ya sanar da likitansa kafin ya rage sitaci sosai, domin adadin maganin da ya dace da lokacin da yake cin shinkafa da yawa na iya yi masa yawa. Alamomin faɗuwar sukari sun haɗa da karkarwa da gumi da bugun ƙirji da jiri da ruɗewa. Idan adadin ya sauka ƙasa da 70, a sha kusan giram 15 na sukari, wato ƙananan cokula huɗu a ruwa, a sake gwaji bayan minti 15. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo hakan ba. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin, da masu nau'i na ɗaya, da mata masu juna biyu, da masu ciwon ƙoda, kada su shiga tsarin rage sitaci mai tsanani sai da sa idon likita.

Game da azumin Ramadan, ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da ƙungiyar masana ciwon sukari da azumi sun shawarci mai lalurar ya ga likita makonni kafin watan ya kama, ya kuma karya azumi idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Gwajin jini a yatsa ba ya karya azumi a fahimtar malamai da dama. Buɗa-baki da kunu mai sukari da soye-soye da lemo shi ne inda mutane da yawa ke kaucewa, daga nan kuma shagalin Sallah ya ɗora.

Lokacin da ya wajaba a je asibiti

Ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da rama ba dalili, amai da ciwon ciki, gani dishi-dishi, sukarin da ya tsaya sama da 300, ko rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa, duk ba na jira ba ne. Manomin da ke shiga ruwan shinkafa ba takalmi, alhali ƙafarsa ta fara mutuwar ji, yana iya taka ƙaya ko ƙarfe bai sani ba, shi ya sa duba tafin ƙafa kowane dare ya zama dole. Babban Asibitin Kura da cibiyoyin lafiya a matakin farko na yankin su ne mafi kusa, a birnin Kano kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad suna duba masu wannan lalura. Wanda ya daɗe bai je ganin likita ba saboda kunyar abin da ya ci, gara ya je ya faɗi gaskiya, domin da ita za a daidaita masa magani.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda tsarin farko ya yi masa tsauri yana iya zama da likitansa su sassauta shi zuwa abin da aljihunsa da gidansa da sana'arsa za su ɗauka, sannan a sake gwajin HbA1c bayan wata uku a ga inda aka kwana.